Kujerar Malam Usaini A Ƙaramin Jirgi

Duk wanda ya taɓa kwana a Rijiyar Manu, ƙauyen nan da ke gabas da Ɗanzomo, ya san muryar Malam Usaini tun kafin ya ga fuskarsa. Da an sallame asuba gari ya ɗan yi haske, zai tsaya a bakin tsohuwar rijiya ya yi kira sau uku, wani irin kira da ba Hausa ba ne ba kuma Fillanci ba, sai ka ji turaku suna motsi a cikin gidaje. Mata su kwance igiya, awaki su yi ta ɓullowa daga lunguna kamar ana zazzage buhu. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kiwon awakin gari, daga saukar ruwan farko har ranar da mai gari ya sa aka yi shelar an gama kawar da amfanin gona, kowa ya saki dabbarsa. Ladansa sai kaka, kowane gida ya aiko masa da dami gwargwadon yawan awakinsa.

Mutum ne gajere, siriri kamar sandarsa, ba ya son doguwar magana. Matarsa Larai ita ce mai baki a gidan, kuma ta sha faɗa wa ƙawayenta cewa da Allah bai ba ta harshen mutum biyu ba, da baƙo ya shigo sai ya ɗauka kango ne. 'Ya'yansu mata uku duk suna ɗakunan mazajensu, biyu a Gumel ɗaya a Maigatari, saboda haka gidan daga shi sai ita sai kaji.

Abin da ya raba shi da sauran makiyaya wata 'yar jakar fata ce da ba ta barin kafaɗarsa. Da rani, lokacin da 'ya'yan gawo ke zuba awaki suna ci, sai ya riƙa bin turaku yana tsintar kashinsu yana tarawa, domin ya lura tun yana saurayi cewa ƙwayar gawo ba ta cika tsira ba sai ta bi ta cikin akuya. Da damina kuma yana tafe bayan garke, yana caka sanda a gefen gonakin mutane da bakin burtali, yana jefawa yana takewa da diddige. Wanda ya tsiro ya kewaye shi da ƙaya, kada awakin da suka kawo shi su cinye shi. Aiki mafi wuya shi ne roƙon masu gona. Mai fartanya ba ya son ganin tsiron da ba shi ya shuka ba, sai Malam Usaini ya bi mutum har zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce don Allah a bar masa ɗan abin nan na kusurwar gabas. Yakan tuna musu abin da su ma sun sani, cewa gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne. Da ruwa ya sauka yake kakkaɓe ganyensa, ya bar wa gero rana ya kuma bar masa taki, sai an girbe komai ƙasa ta yi fari fat sannan shi ya yi kore. Wasu su bari. Wasu su ce to, gari na wayewa su sare.

Shekarun farko Larai ta sha haushi. Mazan mutane suna dawowa daga daji da itace ko kanya, nata yana dawowa da kashin awaki a jaka, har a wurin biki ana tambayarta ko da shi take kaɗa miya. Ba ta daina jin ciwon maganar ba sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, harawa ta gagara, matan gari suka riƙa fita da kwanduna suna tsintar 'ya'yan gawo, da su aka ƙetarar da dabbobi zuwa damina. Daga nan aka daina sarewa. Amma ba wanda ke cewa Usaini ne ya shuka. Cewa ake yi Allah ya albarkaci ƙasar Rijiyar Manu da gawo, shi kuma in ya ji sai ya ce ai gaskiya ne.

Abu ɗaya Larai ta sani wanda sauran mutane ba su sani ba. Wata la'asar tana shafa masa man kaɗanya a kaushin ƙafa, ya ce mata shi fa bai taɓa ganin itatuwan nan sun wuce ashirin a kallo ɗaya ba. Ƙasar a shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba dutse, in ka tsaya gindin wannan sai ya tare maka wancan. Wani lokaci yakan yi tunanin ko 'yan kaɗan ne yake ta kewayawa shekara da shekaru yana ganin kamar suna da yawa. Har ya taɓa roƙon mai gadin dogon ƙarfen nan na waya da ke Ɗanzomo ya bar shi ya hau ko da rabi ne, mai gadin ya yi dariya ya ba shi goro. Bai sake ta da maganar ba, ita kuma ba ta manta ba.

Bara, ana gab da yankan gero, wata mota ta tsaya a ƙofar gidansu bayan la'asar. Hajiya Asama'u ce, ƙawar Larai ta ƙuruciya wadda aure ya kai Gumel tun da daɗewa, tare da ɗanta Abdulbaƙi matuƙin jirgin sama. Da aka gama gaisawa aka sha ruwa, Abdulbaƙi ya faɗi abin da ya kawo su. Shi da abokan aikinsa biyu sun haɗu sun mallaki wani tsohon ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da suke ajiyewa a Kano. Gwiwoyin Hajiya sun hana ta taka rairayi, ga shi kullum maganarta gonar mahaifinta, Allah ya jiƙansa, da hanyar da suke bi ɗibar ruwa suna yara. Shi ne yake so ya ɗauke ta ya nuna mata ƙasarsu daga sama, tun daga Gagarawa har bakin iyaka. Matsalar ita ce a taswirar wayarsa duk gonakin kamarsu ɗaya, kuma kowa ya tambaya sai a ce masa ya je wurin Baba Usaini. Yana so a yi tafiyar nan da mako biyu, tun ƙasa tana kore shar.

Malam Usaini ya daɗe yana kallon wayar da aka miƙa masa, sannan ya mayar da ita da hannu biyu.

"Ɗana, in ka tashi yanzu ba wanda zai iya nuna wa Hajiya komai. Gero kore, dawa kore, ciyawa kore, gawo kuma ba ganye. Ka bari sanyi ya shigo. Gonar mahaifinta gawo bakwai ne a jere, na ƙarshen ya karkace ya yi gabas. In ƙasa ta yi fari, ko daga ina ka hango ta ka gane ta."

Abdulbaƙi ya dubi mahaifiyarsa, ya ce to in haka ne sai dai Baba ya zo da kansa ya nuna, ga kujera nan tana jiransa. Larai tana kallon mijinta a lokacin. Ta ga ya ɗauki ƙoƙon ruwan da ya riga ya shanye ya sake kai shi baki. Hajiya ta ce a tafi har da Larai, Larai ta ce ita da ko amalanke ke sa ta jiri, a bar ta inda Allah ya ajiye ta. Abdulbaƙi ya yi dariya ya ce gaskiyar magana in aka cika mai, mutum uku ne iyakar abin da tsohon jirgin zai ɗauka cikin kwanciyar hankali.

Tun daga ranar shiri ya fara, kuma yawancinsa ta wayar Hamza ake yi, maƙwabcinsu mai acaba tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, don gidan Malam Usaini ba waya. Kusan kowace Juma'a sai Abdulbaƙi ya bugo da sabuwar magana. Da farko ya ce yana son sanin nauyin Baba, amma a auna shi da kayan da zai sa ranar tafiya, domin sama ta fi ƙasa sanyi, kuma a ƙaramin jirgi kowane kilo sai an san da zamansa. Larai ta aro kwat wurin surukinsu na Gumel, ta haɗa masa da suwaita biyu da hular sanyi da safa. Da ya dawo da awaki ta sa ya jibga su duka, ya nufi gindin tsamiyar masallaci inda masu sayen riɗi ke kafa sikeli, yana tafe yana gumi don lokacin sanyin bai zo ba. Kilo hamsin da huɗu ya yi. Mai sikelin ya ce wannan bai kai buhu ba, a koma a ciko shi sannan a yi ciniki.

Wata Juma'ar aka ce da hantsi za a tashi, kafin rana ta zafafa ƙasa jirgi ya fara tsalle. Wata kuma aka ce kada ya sha fura da yawa ranar, don babu makewayi a ciki. Larai da ta fara tanadin dakuwa da ƙuli-ƙuli cikin kwano mai murfi, aka aiko mata cewa abin da zai shiga aljihu kawai ake so, ta ce ita ba ta taɓa jin tafiyar da ake yi wa guzuri rowa ba sai wannan. Sau ɗaya Abdulbaƙi ya zo da kansa da taswirar takarda, ya iske Malam Usaini a wurin kiwo, suka shimfiɗa ta a ƙasa suka danne da takalma. Daga filin jirgin Dutse za su tashi, su bi ta kan Gagarawa, su wuce Gumel, su yi arewa zuwa Maigatari su ga kasuwar shanu tana ci, sannan su juyo yamma. Ya tambayi nisan gonar daga rijiya, Malam Usaini ya ce in da awaki ne, ka tashi da sassafe ka isa da hantsi. Abdulbaƙi ya auna da yatsa a takarda, ya ce wannan a jirgi bai kai karanta Fatiha uku ba, don haka sai sun yi ta kewayawa. Ya kuma ce ba za su ƙetara iyaka ba, sai da takardar izini. Malam Usaini ya ce ba komai, shi dai ya ji ana cewa mutanen Damagaram sun fi kowa gawo, da ya so ya leƙa. Aka ce masa ido ba ya neman takarda.

Daga ƙarshe aka tsayar da rana, a makon farko na Disamba, kwanakin nan da sanyi ya shigo amma sama tana nan garau. Mota za ta ɗauke shi Laraba da safe ya kwana a Dutse, a tashi Alhamis, in yanayi ya ƙi a gwada Juma'a. Kwana ukun nan su ne iyakar hutun Abdulbaƙi, daga nan aiki zai mai da shi Legas sai bayan sanyi ya wuce.

Sai dai akwai abin da Abdulbaƙi bai sani ba, don shi a birni ya tashi. Makiyayin gari ba ya ajiye sanda sai an yi shelar sakin dabbobi, shela kuwa ba a yin ta muddin akwai amfanin mutum ɗaya a daji. Sau ɗaya tak aka taɓa gwada wani a madadin Malam Usaini, shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi, awaki suka ƙi bin muryar baƙo suka afka gonar waken wani, gidaje biyu suka shekara uku ba sa gaisawa. A ɗaure su kwana uku kuma sai an taɓa harawar da mata suka ɓoye don ƙarshen rani, kuma ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai buɗe baki ya nemi haka don yawon buɗe idonsa ba. A sauran shekaru ana yin shela tun kafin sanyi ya kankama, shi ya sa ya amsa ranar ba tare da wata damuwa ba. A wannan shekarar ma kowa ya kawar da nasa, saura gona ɗaya, ta Hamza.

Zoɓo ne ya shuka, shukar farko ta ƙi, ya maimaita a makare. Da ya nuna ya isa yanka, sai ya faɗi da babur a rairayin hanyar Sule Tankarkar aka yi masa ɗori a hannun dama. Matarsa Ummulkhairi tana jego, ko suna ba a daɗe da yi ba, samarin da za su yi ƙwadago kuma duk sun tafi cin rani. Gonar tana nan jawur a tsakiyar farin daji, awaki na hango ta tun daga nesa.

Ranar Alhamis, saura kwana shida tafiya, Larai ta kai wa mai jego kunun kanwa da yamma, sai ga Malam Usaini ya yi sallama. Ya tambayi Hamza jikin, ya yi wa jariri addu'a, sannan ya ce a buga wa Abdulbaƙi a gaya masa ya nemi wani, shi Allah bai nufa ba. Zai kwatanta wa duk wanda aka samu gonar yadda ba zai ɓata ba. Hamza ya ɗauki wayar da hannun hagu ya riƙe, bai danna ba. Ya san dalilin, ko da yake ba a faɗa ba, ya sunkuyar da kai ya ce Baba ya yafe masa.

"Me ka yi? Kai ka ka da kanka?" in ji Malam Usaini. "Buga masa kawai."

Larai ta miƙa hannu ta karɓi wayar ta ajiye a kan tabarma. Ta ce a bari sai Lahadi.

"Ba a rataye mutum da jira, Larai. Yana da shirin da zai sake."

"Malam, shekara arba'in ban taɓa ce maka tsaya ba in za ka fita. Yau na ce sai Lahadi."

Ya dube ta, ya dubi Hamza, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Washegari da safe ta yafa mayafi ta tafi zauren mai gari. A lissafinta tana da kwana huɗu, in aka gama yanke zoɓon ranar Talata sai a saki awaki Laraba. Mai gari ya saurare ta har ta gama, sannan ya tuna mata abin da ta manta: ba ranar da aka yi shela ake saki ba, sai an ba da kwana uku, domin mai sauran kara ko harawa a daji ya kwashe. Haka ya tarar ana yi, kuma ba zai rage ko yini ɗaya ba, ko da jirgin a ƙofar gidansa zai sauka. In ana son saki Laraba, to shela Lahadi kafin magariba, kuma sai ya ga gonar da idonsa. Kwana huɗun Larai suka koma biyu.

Ba ta koma gida ba. Ta fara daga gidan farko na bakin rijiya, tana shiga tana fita. Ba ta ambaci mijinta ko sau ɗaya ba, don ta san in ya ji an yi bara da sunansa ko a ɗaure ba zai shiga motar ba. Cewa take yi ga mai jego can ga miji da karyayyen hannu, abincin shekararsu yana bushewa a daji, ya kamata a yi musu gayya. Masu shekaru su fita yanka, matan aure da ba sa fita a kawo musu gida su ɓare. A gida na shida ta tarar da Sabuwa, tsohuwar da ta fi kowa yawan awaki a garin, tana shan hantsi ta lulluɓe da bargo. Ta saurari bayanin duka tana tauna goro da dasashi.

"Larai, tsakaninki da Allah, jego ne ko jirgi?"

"Duka biyun lada ne, Yaya Sabuwa."

"To ki ce haka mana. Tun ina da haƙora mutumin nan ke kai mini awaki, ko kunnen ɗaya bai taɓa dawowa a yage ba. Ɗauko mini laujena a bayan rumbu."

Asabar da aka idar da sallar asuba, mata goma sha tara suka fita, wasu da lauje wasu da wuƙar girki, hannuwa a cikin mayafi saboda sanyi. Zoɓo ba wuyar yanka gare shi ba, ƙaiƙayi ne da shi, kafin hantsi yatsun kowa sun yi ja sun fara zafi. Aka samu aron amalanken shanu biyu suna kwasa suna kaiwa gari, inda aka baje tabarmi a tsakar gidaje ana ɓara. Hamza ya zo da hannu a rataye yana jan kara da hagu, Sabuwa ta kore shi ta ce ya je ya zauna kada ya ƙara musu wani ɗorin. Da rana ta ɗaga, Larai ta hango garke can nesa ya tsaya. Mai garken ya daɗe yana kallonsu, sannan ya kaɗa awakin ya yi kudu da su, inda ko ƙamshin gonar ba za su ji ba.

Da yamma tana jiƙa hannuwanta a ruwan ɗumi ya shigo. Ya rataye jaka, ya yi alwala, sai da ya zauna sannan ya tambaye ta wa ya sa ta.

"Awakin nan na wa ne, Malam?"

"Na mata."

"To masu awaki ne suka ga dama. In kana da magana ka je ka faɗa wa Yaya Sabuwa."

Bai je ba. Ya tashi ya ɗauko man kaɗanyar da take shafa masa ya ajiye kusa da ita, ya koma ya zauna.

Lahadi mata suka ƙaru, amma gonar ta fi yadda ake ganinta daga gefe, ga shi waɗanda suka yi jiya bayansu ya riƙe. La'asar ta yi, aka yi salla a nan cikin gona, saura kunya kusan goma a kusurwar arewa. Sai ga ƙarar babur, an goyo mai gari. Larai ta bar yanka. Ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara cewa ranka ya daɗe saura kaɗan, ya ɗaga mata hannu. Ya ce shi bai duba komai ba tukuna, hanyar nan ta girgiza masa ƙashi, zai ɗan huta. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin gawon bakin gona, ya juya wa matan baya, ya ciro carbi. Bai waiwayo ba sai da amalanke na ƙarshe ya tashi, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Sannan ya miƙe ya taka gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce alhamdu lillahi, a gaya wa sanƙira ya yi shela.

Kafin a kira magariba aka ji shela tana zagaya gari, mai sauran kaya a daji ya kwashe, Laraba za a saki dabbobi. Hamza ya buga wa Abdulbaƙi, ya ce ba wani abu ba ne, tambaya ake yi ƙarfe nawa motar za ta iso.

Laraba da safe, a karo na farko tun saukar ruwa, ba a ji kira a bakin rijiya ba. Mata suka kwance igiya, awaki suka fito suka tsaya cirko-cirko suna dube-dube, daga baya suka watse cikin gonaki. Malam Usaini ya fito cikin kwat ɗin aro da suwaita biyu, dakuwa huɗu a aljihu. Ya so ya shiga mota da sandarsa, direba ya ce ba ta cikin abin da aka auna, ya miƙa wa Larai. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin, ya ce ta gaishe masa da Yaya Sabuwa da kyau.

Alhamis gari ya waye tas. Hantsi bai gama ɗagawa ba aka ji ƙara daga gabas, ba irin ta manyan jiragen da ke wucewa can ƙololuwa ba, wannan kamar injin niƙa ne ya yi fiffike. Aka fito ƙofar gidaje, har Ummulkhairi da jariri a kafaɗa. Fari ne, ɗan ƙarami, ya zo ya kewaya wajen gonar mahaifin Hajiya sau uku. Ana tsammanin ya tafi, sai ya dawo ya yi wani kewayen mai faɗi, ya bi ta kudu, ya bi ta yamma, ya zagaye duk iyakar inda awaki ke kaiwa. Larai ta tsaya da hannu a goshi har ya ɓace, tana motsa baki.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci motar ta dawo da shi. Maza suka tare shi a ƙofar gida, ya ce musu mutane kamar tururuwa, shanun Maigatari kamar an watsa wake, Hajiya ta ga gonar mahaifinta ta yi kuka ta yi addu'a. Sai da kowa ya watse ya shigo ciki ya cire kwat ya ninke. Larai ta ajiye masa ruwa, ta zauna, ta ce ita ba shanun Maigatari take tambaya ba.

Ya jawo ƙoƙon ruwan gabansa.

"Suna da yawa, Larai. Na fara ƙirgawa na bari. Ashe har wajen Ɗanzomo sun kai."

Ya kurɓi ruwan. Ya ce sai dai yamma da burtali, daga tsohuwar maƙabarta har hanyar Sule Tankarkar, fili ne fetal babu ko ɗaya, kuma shi duk shekarun nan yana wucewa ta gefen wurin bai lura ba. Ya tambaye ta ko awakin gidan Sabuwa har yanzu a turken baya suke kwana, don 'ya'yan gawo sun kusa fara zuba.